Shekara Uku a Kwalejin Ilimi: Wuraren da Gwiwa Ke Yin Sanyi

Yawancinmu da muka yi NCE, wato karatun shaidar malanta, a jihar Bauchi mun shiga kwaleji ne da wata magana maƙale a kunne tun daga gida: "Ai jami'a ce ba ta samu ba." Wani, ƙanin mahaifinsa ne ya faɗa masa, wani kuma, abokinsa da ya samu gurbi a jami'a ne ya jefa masa ita cikin raha. A lokacin sai ka yi dariya ka wuce. Amma maganar tana nan ba ta je ko'ina ba, tana jiran ranar da za a liƙa sakamako ka ga F a gaban lambarka, ko ranar da za ka tsaya gaban allo yawun bakinka ya ƙafe.

Na yi shekaru ukun nan a sashen ilimin firamare. Abin da na gane, kuma ban gane shi da wuri ba, shi ne fargabar kwaleji ba ta zuwa kara-zube. Tana da lokutanta kamar yadda damina da hunturu suke da nasu, kuma kusan ko da yaushe akwai wani abu da ake iya ƙirgawa a ƙarƙashinta: maki, ko minti, ko kuɗin mota, ko awannin barci.

Tsarin karatun ɗaya ne ko a Azare kake, ko Kangere, ko Misau, ko kwalejin tarayya ta Gombe, ko Billiri, domin hukumar kula da kwalejojin ilimi, NCCE, da aka kafa a 1989 ita ke shimfiɗa mafi ƙarancin abin da kowace kwaleji za ta koyar. Shekara uku ce, simesta shida. Kwasa-kwasan kashi uku ne: na ilimin koyarwa masu lambar EDU, na gama-gari masu lambar GSE irin su Turanci da lissafi da kwamfuta, sai darussan sashenka. Akasarinsu yunit ɗaya ne ko biyu (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas), shi ya sa za ka tarar da kwas goma sha biyu ko fiye a simesta guda. Wanda ya saba da darussa tara ana jan su shekara guda a sakandare, yanzu ga shi da goma sha biyu da za a murƙushe cikin wata huɗu, kowanne da malaminsa da halinsa.

Ciwon kai na farko rijista ce, kuma ba ta da alaƙa da ƙwaƙwalwarka. Fom ɗin kwasa-kwasai sai ya bi hannun kodinetan aji da shugaban sashe da sauran masu sa hannu, kowa a ofishinsa, kowa da lokacin da ake samunsa. Abin da ke ɓaci a nan ƙarami ne amma yana da tsada: a rubuta lambar kwas ba daidai ba, ko a tsallake guda, ka shiga aji wata huɗu, ka rubuta jarrabawa, sakamako ya fito babu sunanka. Duk takardar da aka sa wa hannu ka yi mata kwafi biyu, ka ɗauki hotonta a waya, har rasit ɗin banki. Kuma ranar jarrabawa kada ka fita ba ka sa hannu a takardar halarta ba, domin ita ce shaidarka kaɗai in takardar amsarka ta yi ɓatan dabo. Jami'in jarrabawa ba ya aiki da rantsuwa.

Sai lissafin maki. Ban san dalilin da ya sa ɗalibai da yawa ke kai shekara ta biyu ba su iya shi ba, alhali shi ne maganin rabin rashin barcinsu. Maki 70 zuwa sama A ce, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B, daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C, daraja 3. Daga 45 zuwa 49 D, daraja 2. Daga 40 zuwa 44 E, daraja 1. Ƙasa da 40 F ce, sifili. Ana ninka darajar da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit, abin da ya fito shi ne matsakaicin makinka. A ce kana da kwas biyar masu yunit bibbiyu, duk ka ci C: 30 a raba da 10, ka samu 3.00. In guda ya zama F, ka dawo 2.40. In kuwa guda ya tashi daga 58 zuwa 60, maki biyu kacal, ka hau 3.20. Wannan lissafin ke nuna maka inda za ka zuba ƙarfinka. Kwas ɗin da kake lilo a bakin 40, da wanda kake dab da tsallaka iyaka, su ne suka cancanci darenka, ba wanda kake so kuma ka riga ka iya ba. Mu kuwa mun fi son karanta abin da muka iya, saboda shi ke kwantar da hankali.

Makin kowane kwas kashi biyu ne, 40 na tes da aikin gida da ake tarawa cikin simesta, 60 na jarrabawa. Wanda ya tara 28 cikin 40 yana buƙatar 22 ne kawai cikin 60 ya samu C, 32 kuma ta kai shi B. Wanda ya tara 12 sai ya ci 28 kafin ma ya kuɓuta daga F. Mutum biyun nan ba da zuciya ɗaya suke shiga ɗakin jarrabawa ba, kuma bambancinsu tun mako na biyar aka yi shi, ranar da malami ya shigo ya ce a yagi takarda, ɗayan yana kasuwar ƙauyensu. Ga kuma ƙa'idar halartar aji kashi 75 cikin 100, wadda wasu malamai ke kawar wa kai, wasu kuma ke riƙe da ita kamar ransu. Ba ka sanin wanne ka samu sai an makara.

In kari-oba, wato maimaita kwas ɗin da ka faɗi, ta same ka, to ta same ka, kuma ba kai ne farau ba. Abin da za ka kiyaye shi ne ita ake fara rubutawa a fom na shekara mai zuwa, tana cin gurbi cikin yunit 24 da aka iyakance mana a simesta, kuma sau da yawa lokacin darasinta yana karo da na sabon ajinka. Guda ɗaya ko biyu ana ɗauka. In suka kai huɗu ko biyar, su ne ke tura mutum ƙarin shekara. Kunya ce ke kashe mutane a nan: ɗan aji biyu ya ƙi zama cikin 'yan aji ɗaya don kada a gan shi, ya rasa tes, ya sake faɗuwa. Ka shiga ka zauna a gaba. Bayan mako biyu ba mai kallonka.

Turanci kuwa, shi ne shakkar da aka fi ɓoyewa. Ɗalibi ya san amsa sarai, amma ya gwammace ya yi shiru da a yi masa dariya a kan lafazi. Abin da ya yi mini aiki ba littafin nahawu ba ne. Littafin karatun aji huɗu na firamare na samo, ina karanta shafi biyu a bayyane kullum bayan Asuba, minti goma. Sannan na buɗe ƙaramin littafi na rubuta jimloli kusan 30 da malami ke maimaitawa a aji, irin su ku buɗe shafi kaza, wa zai zo allo, sake faɗa da ƙarfi, saura minti biyu, na haddace su har suka daina bi ta tunani. Turancin aji ƙarami ne ƙwarai in aka kwatanta da na takardar jarrabawa, kuma shi za a fara auna ka da shi.

A shekara ta biyu ake zuwa ƙaramar koyarwar gwaji, wadda muke ce wa maikuro: EDU 213 a simesta ta farko don bayani, EDU 223 a ta biyu don aikatawa. Asalin dabarar daga jami'ar Sitanfod ta Amurka ne, a 1963. Ana rage komai: minti biyar zuwa goma, 'yan ajinku kaɗan su zauna a matsayin yara, kai kuma ka gwada ƙwarewa guda, ko buɗe darasi, ko yin tambaya, ko yabon amsa, ko kawo misali, ko rufewa. Ka tsara, ka koyar, a yi maka gyara, ka sake tsarawa, ka sake koyarwa. Wannan sakewar ita ce ruhin abin, ita ce kuma ake yawan tsallakewa saboda yawan ɗalibai. In ba a ba ku dama ba, ku huɗu ko biyar ku nemi aji wanda ba kowa da yamma ku yi wa junanku.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya ɗauko darasin minti 40 ya ce zai cusa shi cikin minti bakwai. Sai ya yi ta gudu, ya juya wa mutane baya yana magana da allo, a buga masa tebur lokaci ya cika bai kai tsakiya ba. Ya sauko yana cewa shi bai dace da koyarwa ba, alhali awo ne bai iya ba tukuna. Minti bakwai abu ɗaya take ɗauka, da misali biyu, da tambaya uku.

Tsayuwa gaban sa'o'inka ta fi tsayuwa gaban yara wuya, wannan gaskiya ne, domin sun san ka, wasu ma da gangan za su yi maka tambayar ƙure. Jiki kuma yana da nasa aikin da ba ya shawara da kai: baki ya bushe, hannu ya yi rawa, magana ta yi sauri. Ba alamar rashin iyawa ba ce, haka jiki ke yi in ya ji ido a kansa, kuma yakan lafa cikin minti biyu na farko in ka samu ka wuce su. Don haka jimloli biyun farko a haddace za ka zo da su. Kafin a kira sunanka ka ja numfashi kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida ko takwas, sau biyar. Fitarwar ce ke saukar da bugun zuciya. Ka kurɓi ruwa. Kada ka riƙe takarda guda a hannu, ita ke tona asirin rawar hannu; alli ko littafi mai kauri ya fi.

Ka ba wani wayarka ya ɗauke ka. Kallon kanka ba daɗi, amma ka kalla sau biyu: na farko ka kashe sauti ka ga inda ƙafarka da idonka suke, na biyu ka kife wayar ka saurari murya kawai, ka ƙirga sau nawa ka ce "kun gane ko". Za ka tarar rawar da ka ji kamar girgizar ƙasa ko alamarta ba ta fito ba, abin da ya fito wani abu ne da ba ka ma sani ba, kamar tsayuwa a kusurwa ɗaya ko amsa tambayarka da kanka. Wata mai bincike 'yar Amurka, Mary Budd Rowe, ta nuna tun farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne bayan sun yi tambaya, kuma in aka kai jiran daƙiƙa uku amsoshin yara kan ƙara tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru. Daƙiƙa uku a gaban aji tana yi wa sabon malami tsawon shekara. Ka ƙirga ta a zuci.

Babban tudun shi ne TP, koyarwar gwaji a makaranta ta gaske, EDU 311, yunit 6, a simesta ta farko ta shekara ta uku. A takardar sakamakon ƙarshe tana da layinta ita kaɗai, ba ta ɓuya cikin sauran darussa, kuma duk mai ɗaukar malami aiki nan idonsa ke fara sauka.

Tun kafin takardar turawa ta fito ka yi lissafin aljihu: kuɗin keke zuwa da dawowa, sau kwana biyar, sau makonnin zangon makaranta, ka ɗora kwali da alƙalamin maka da babban littafin shirin darasi da sabulun wanki. In an ba ku zaɓi, makarantar da za ka iya takawa da ƙafa ta fi mai suna da ke ƙetaren gari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na ga waɗanda suka fara fashi a mako na bakwai, ba don lalaci ba, kuɗin mota ne ya ƙare, kuma ranar fashin ce mai duba daga kwaleji ya zo.

Ranar farko ka kai takardarka wurin hedimasta, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka nemi abu huɗu: jadawalin darasi, tsarin aikin zango, littafin da ake koyarwa da shi, da malamin ajin da za ka zauna ƙarƙashinsa. Malamin ajin nan, ko malamar, ya fi kowa amfani gare ka. Shi ya san yaron da ba ya ji sosai, da yarinyar da ke zuwa a makare saboda talla, da waɗanda Fulatanci ko Jaranci ko Sayanci ne harshensu na gida, Hausar ma a makaranta suke ƙarasa koyonta. Makon farko ka zauna a baya ka kalla, ka zana taswirar zaman ajin a bayan littafinka kana cika sunaye. Ajin da aka ba ni yara sun haura 80, rabinsu a ƙasa. Ba za ka haddace su duka ba, amma suna 20 a makon farko, musamman na 'yan baya, sun fi bulala aiki. Bulala ma kada ka taɓa ta. Kai baƙo ne, kuma in wani abu ya faru ba mai tsaya maka.

Shirin darasi yana da sassansa sanannu: kwanan wata, aji, darasi, batu, tsawon lokaci, manufa, kayan koyarwa, abin da yara suka riga suka sani, gabatarwa, matakan koyarwa, aunawa, taƙaitawa, aikin gida. Inda jan biro ya fi sauka shi ne manufa. In ka rubuta cewa yara za su "san" abu ko su "fahimci" abu, za a soke, domin ba a ganin sani da ido. Ana son aikin da za a iya gani: su lissafa, su ambata, su zana, su bambanta, su warware. Kuma tambayoyin aunawa dole su zama madubin manufar. Manufa uku, tambaya uku. Wanda ya rubuta manufa shida a darasin minti 35 ya ɗaure kansa da igiyarsa.

Minti 35 ɗin haka nake raba ta: 4 gabatarwa, 20 koyarwa, 7 aunawa, 4 taƙaitawa da aikin gida. Ina rubuta mintocin a gefen kowane mataki da fensir. Ga misalin inda lissafin ke rushewa. Darasin rabi da kwata ne a aji huɗu, ka yanko tsofaffin takardu daidai wa daida don kowane yaro ya ninke ya gani da idonsa. Dabara ce mai kyau. Amma in ka tsaya raba takarda ɗaya-ɗaya ga yara 80, minti shida sun tafi, ajin ya kaure, wani ya riga ya yi jirgi da tasa. Gyaran shi ne tun a gida ka ƙirga takardun layi-layi ka ɗaure, ka miƙa wa na bakin kowane layi, cikin minti ɗaya an gama. Sannan ka shirya wa kuskuren da tabbas zai zo: yara za su ce ɗaya bisa huɗu ya fi ɗaya bisa biyu girma, tunda huɗu ta fi biyu. Kada ka yi musu da lamba. Ka ce, "Masa ɗaya ce. Ku biyu za ku raba, ko ku huɗu. Wanne kuka fi so?" Ba ɗan Bauchin da zai faɗi wannan tambayar. Daga bakinsu amsar za ta fito, kai sai ka mayar da ita allo.

Masu duba daga kwaleji ba sa sanarwa. Za ka ga mutum ya shigo ya ja benci a baya, ya miƙo hannu a ba shi littafin shirinka. Suna da takardar maki da aka kasa gida-gida: shirin darasi, gabatarwa, sanin abin da ake koyarwa, kayan koyarwa, amfani da allo, riƙon aji, aunawa, shiga da kamala. Ka nemi kwafin takardar nan marar rubutu tun kafin a tura ku. Tsoron abin da ba ka san yadda ake auna shi ba daban yake da tsoron layi takwas da ke liƙe a bangon ɗakinka. In sun zo, kada ka sauya darasi zuwa wanda ka riga ka koyar. Ana ganewa nan take, domin yara kan ba da amsa tun ba ka ƙarasa tambaya ba, wani ma ya ce, "Malam, ai mun yi wannan jiya." Kuma za ka haɗu da saɓani: wannan ya ce a zana shirin cikin jadawali, wancan ya ce a rubuta shi a jere. Kada ka ɗauke shi a matsayin laifinka. Ka bi tsarin da sashenku ya bayar a rubuce, ka ajiye takardar a cikin littafin, in an yi magana ka nuna cikin ladabi.

Batun harshe ma sai ka yi dabara. Mai duba yana sauraron Turancinka, yara kuma da Hausa suke ganewa. Abin da na ga yana tafiya shi ne ka faɗi abu da Turanci mai sauƙi, ka rubuta kalmar a allo, ka warware da Hausa a jimla ɗaya ko biyu, ka dawo Turanci ka sa su maimaita. Bayan darasi, in ya kira ka gefe, kada ka tsaya kare kanka. Ka ce, "Malam, wane abu ɗaya zan gyara kafin a sake zuwa?" In ka bar shi zai lissafa maka goma ka tafi gida da ciwon kai. In ka nemi ɗaya, mafi nauyin zai ba ka.

Daga mako na huɗu zuwa na shida ne gwiwa ta fi yin sanyi. Ɗokin farko ya wuce, yara sun gama auna ka, murya ta dishe, in lokacin hunturu ne ga ƙura ga garin alli. A daidai nan ne kuma wasu malaman makarantar ke sakar maka darussansu su koma inuwa. Kowane darasi da ka karɓa shiri ne na kusan rabin awa da dare. Ka ƙirga abin da za ka iya, in ya wuce ka je wurin hedimasta, ba wurin malamin ba: "Ranka ya daɗe, ina tsoron kada masu duba su zo su tarar shirina bai cika ba." Ba hedimastan da ke son a rubuta haka a kan makarantarsa. Shirin mako kuwa Asabar da Lahadi ake rubuta shi, a kai a sa hannu Litinin da safe. Muryar ma kada ka yi gasar ihu da yara 80, su za su ci. Ka koya musu alama tun makon farko, tafi uku su amsa da biyu su yi tsit, ka riƙa kurɓar ruwa tsakanin darasi.

A waɗannan makonnin ne maganar nan ta gida ke dawowa da ƙarfinta. Malamanmu kan tuna mana cewa Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne, a Midil ta Bauchi ya koyar kafin siyasa, haka ma Malam Aminu Kano. Gaskiya ne, kuma yana da daɗin ji a babban ɗakin taro. Amma ban taɓa ganin ya taimaki wanda ajinsa ya gagare shi ranar Laraba ba. Abin da ke taimako shi ne ka mayar da "ban iya ba" tambayar da ke da amsa. Bayan darasi ka karɓi littattafai goma, uku na masu ƙoƙari, huɗu na tsakiya, uku na masu rauni, ka duba tambayoyin aunawar nan uku. In bakwai sun samu, darasin ya shiga, ko me zuciyarka ke raya maka. In uku ne suka samu, ka duba inda sauran suka karkace. Kusan kullum wuri ɗaya ne, kuma wannan wurin shi ne gabatarwarka ta gobe. Na riƙa rubuta adadin a ƙasan kowane shiri. Ranar da ka ji kamar ka ajiye allin, ka buɗe baya ka ga 4, 5, 5, 7, 6, 8.

Barci kuma ba abin da za a yi ciniki da shi ba ne. Kwanan aji da Nescafé da goro ana gobe jarrabawa yana sa ka ji kamar ka yi aiki, amma abin da aka karanta ba a yi barci a kansa ba bai cika zama ba. Minti 40 kullum kana rufe littafi kana amsa tsofaffin tambayoyi daga ka ya fi dare uku a tsaye. Sai ƙwaya. Za a samu mai ce maka tiramadol na ƙara ƙarfin karatu ko na cire tsoron tsayuwa gaban mutane. Da haka ake farawa, kuma fita ta fi shiga wuya nesa ba kusa ba. Haka kuma a bambanta gajiyar karatu da ciwo. In mutum ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, ya janye daga mutane, ko ya fara tunanin gara ma ba ya raye, wannan ya wuce "ka yi haƙuri". A ci gaba da addu'a, a kuma kai shi asibitin kwaleji ko ofishin ba da shawara. Asibitocin koyarwa na Bauchi da Gombe suna da likitocin wannan fanni. Abokan ɗaki ne ke fara gani, su ne kuma ya kamata su raka shi.

Matan aure da masu goyo nasu lissafin ya fi namu tsauri. Waɗanda na ga sun fita lafiya su ne waɗanda suka zauna da maigida da uwar miji tun kafin TP, aka san wa zai riƙe yaro daga bakwai da rabi zuwa tashin makaranta, da wa zai maye in waccan ta yi rashin lafiya.

Simesta ta ƙarshe ta furojet ce, wato rubutun bincike mai babi biyar. Ka zaɓi batun da ka gani da idonka a makarantar da ka yi TP, mai iyaka, wanda makarantu uku ko huɗu za su ishe ka tattara bayani. Ka riƙa kai wa malamin da ke duba ka babi ɗaya-ɗaya, kada ka tara, kuma duk gyaran da ya yi da biro ka ajiye takardar, domin wata rana zai ce bai faɗa ba. In aikin rukuni ne, a rubuta wa zai yi me da kuɗin da kowa zai bayar tun ranar farko.

Bayan jarrabawar ƙarshe sai zagayen sa hannun sallama, laburare da sashe da ofishin kuɗi da ɗakin kwana, inda rasit ɗin shekarar farko da ka yi wa kwafi zai yi ranarsa. Sai jarrabawar hukumar TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa don yi wa malamai rijista. A kwamfuta ake yin ta, masu NCE suna rukunin D, kuma a lokacinmu tambayoyin daga kwasa-kwasan EDU da GSE ɗin nan ne da aka riga aka bi, don haka kada ka ba mai ƙosai takardunka. Kafin ka bar harabar kwaleji ka duba sunanka a takardar sakamako harafi-harafi, ka gwada da na WAEC ko NECO da na katin ɗan ƙasa. Muhammad da Mohammed a wurin kwamfuta mutum biyu ne, kuma gyaran da za a yi maka cikin kwana biyu kana ɗalibi zai iya cin wata shida in ka koma gida. Littafin shirin darasin TP ma ka adana shi inda gara ba za ta kai ba. Makarantar kuɗi ta farko da za ka nema aiki, alli za su miƙa maka su ce ga aji uku can, minti goma.